Uwani, Ga Waya, Ga Makaranta

Gumel,
ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan wannan takarda ta same ki kin isa lafiya, kin sauke kaya, kin sha ruwa, gajiyar hanya ta fara sakinki. Allah Ya tsare min ke a inda idona bai kai ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa wannan jami'a ta zame miki alheri.

Na san sai kin yi dariya. Baba da waya a aljihu, amma ya nemi biro ya zauna yana rubutu. To, da gangan na yi. In na turo miki a waya, da rabin ido za ki karanta, saƙonnin ƙawaye na faɗowa a kai. In kuma na ce zan zaunar da ke in faɗa miki baki da baki, kin san ba zan iya ba. Sunan mahaifiyata gare ki, in kika ɗago kika dube ni sai in ji bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na ba Ummanki ta cusa miki ita a ƙasan jaka. In kin ji tana warin daddawa, laifinta ne.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin bar kowa lafiya. Maganar wayar da na saya miki ce. Na ga yadda kika dube ni ranar da na miƙa miki ita a kwalinta, kamar ba ki yarda daga hannuna ta fito ba. Kina da gaskiya. A gidan nan ni ne mutumin da ya fi kowa faɗa da waya, kuma daga baya ni ne wanda ta fi kayarwa. Kin ji labaran nan gutsi-gutsi a bakin mutane kina ƙarama. Yau ki ji su a bakina.

Lokacin da yayanki yake kwaleji a Kano, ya zo hutun Sallah da wata babbar waya da ya saya a hannu, fuskarta a tsage. Tun daga ranar ban ƙara ganin ƙwayar idonsa ba. In yana cin abinci tana gefen kwano, in ya fita tana hannunsa. Ni kuma a tasha kullum hirar direbobi ke nan: waya ta lalata yara, ɗan wane ya bar sallah, 'yar wane ta bar karatu. Na cika cikina da wannan hira, ban taɓa tambayar yaron nan me yake dubawa ba.

Wata Alhamis na dawo daga kasuwar Maigatari a gajiye, kaina na sarawa. Na yi sallama a zaure, yana zaune a kan tabarma, bai amsa ba. Na sake yi, shiru, kansa na cikin waya yana murmushi. Ban san lokacin da na fizge ta ba.

Ya miƙe a firgice ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi karatu ake turo mana a ciki."

Na ce, "Karatu a littafi ake yin sa. Mu ma mun shiga aji."

Na kashe ta, na jefa a akwatin gaban mota, na kulle. Washegari da asuba na yi lodi na nufi Damagaram. Nufina kwana biyu in dawo in ba shi abarsa, ya ɗan ji a jikinsa. Sai mota ta lalace a can, ga jiran takardu a kan iyaka, na daɗe ban dawo ba.

Ashe a kwanakin nan aka matso musu da wata jarrabawa. Shugaban ajinsu ya sanar a guruf ɗin ɗalibai, kowa ya gani ya tattara ya koma. Abokansa suka yi ta kira, waya na kulle a motata a wata ƙasa. Ranar da ya koma makaranta, a lissafinsa da wuri ma ya je, ya tarar an gama. Darasin nan shi ya riƙe shi, abokansa suka fita suka bar shi, sai da ya ƙara shekara.

Uwani, yaron nan bai taɓa buɗe baki ya ce min ni na jawo masa ba. Ummanki ce ta faɗa min, shi ma sai da aka kwana biyu. Da ya zo gida na kira shi, na ce ya buɗe wayar ya nuna min abin da ke ciki. Ya zauna kusa da ni yana jan yatsa. Na ga shafukan littattafan da ba ni da halin saya masa. Na ji muryar malaminsu yana bayani, an ɗauka don wanda bai gane a aji ba ya sake saurara. Na ga ɗalibai suna tambayar juna, wannan ya yi kuskure wancan ya gyara masa. Can ƙasa kuma na ga saƙonnin abokansa na ranar: "Kana ina? An fa shiga. Don Allah ka ɗaga." Na kasa ci gaba da dubawa. Na ce masa, "Ka yafe min." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ma da na amsa sallama da ba a kai nan ba."

To ki riƙe duka biyun. Wayar nan wani ɓangare ne na makarantarki, kada wani ya sa ki ji kunyar amfani da ita. Ki shiga guruf ɗin ajinku, ki riƙa dubawa safe da yamma. Abin da ba ki gane ba ki tambaya, ko da za a ce tambayarki ta yi yawa. Ina tuna ki a gindin darbejiyar tsakar gida, lokacin da kuka daɗe ba ku da malamin kimiyya, kin jingina wayar yayanki da buta kina kallon wata malama tana bayani, kina tsayar da ita kina rubutawa. Na wuce kamar ban gani ba, amma ranar na ji daɗi har cikin raina. Wannan hanya ita ta kai ki inda kike, kada ki sake ta. Sai dai kada ki jingina rayuwarki kacokan a kan abin da caji ke iya kashewa. Ki sami ƙawa ɗaya ta gaskiya wadda ta san ɗakinki, wadda in ta ga babu ke za ta tako ta buga ƙofa. In an ce an ɗaga jarrabawa ko an sauya aji, ki je ki tabbatar a ofishin sashenku ko a bakin malami. Sannan duk daɗin abin da kike kallo, in mutum ya yi miki sallama ki ɗago ki dube shi.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na yi hankali. Ina! Da yayanki ya kama aiki, abin da ya fara yi shi ne ya saya min babbar waya. Har yau ban sani ba ko alheri ya nufa ko ramuwa. Ya koya min yadda ake shafa ta, ya saka ni a guruf ɗin direbobi, da na 'yan unguwa, da na 'yan uwanmu na Ɗanzomo. Abokan harkata na Damagaram suka ji na yi sabuwar salula, kamar yadda suke ce mata, su ma suka jefa ni a nasu. Kafin a ce haka na fi yaran zamani lalacewa. Ummanki ta ajiye tuwo ta ce, "Malam, zai huce." In ce, "Ina zuwa." Ta dawo ta tarar miya ta daskare ina dariya ni kaɗai. Har ta taɓa cewa, "Da akwai mai ƙwace taka ya kulle a mota da na gode masa."

Rannan kusa da Gagarawa Tasha, ina tuƙi cike da fasinja, na ji ta yi ƙara na saci kallo. Ɗagowar da zan yi sai ga amalanken shanu a gabana, ya ɗauko kara. Na taka burki, motar ta yi gefe, mata suka ɗauki salati. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane ba a yi ba. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, in saƙon ya fi ranmu muhimmanci ka sauke mu ka karanta a tsanake." Tun daga ranar in zan tayar da mota sai na kashe ta. Ke ma kina da naki tuƙin. In malami ya shigo, ki kashe mata murya ki jefa a jaka. In kin zauna karatu, ki ajiye ta inda sai kin tashi tsaye za ki ɗauko. Na gwada na gani, mutum ba ya iya kallon hanya biyu a lokaci guda.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Nafisa, 'yar maƙwabcinmu Malam Haladu tela. Kin san ta, ita take yi miki kitso kina ƙarama. A lokacin tana makarantar koyon aikin jinya, ita ce mace ta farko a layinmu da ta yi nisa haka, kuma ba kowa ne ya so mahaifinta ya bar ta ba.

Ina zaune a tasha ina jiran layi sai hoto ya shigo guruf ɗin direbobi. Yarinya ce cikin farin kayan asibiti tana dariya, ga wani saurayi a gefenta, ga hannu a kan kafaɗarta. An rubuta a ƙasa: "Iyaye, ga karatun da 'ya'yanku suke yi." Kallo ɗaya na gane Nafisa ce. Ban ƙirƙiri ƙarya ba, ban ƙara komai ba. Na dai tura shi guruf ɗin 'yan unguwa, na rubuta, "Allah Ya shirya mana zuri'a." A raina ma gani nake aikin lada na yi. Na mayar da waya aljihu na ci gaba da cin gyaɗata.

Kafin la'asar hoton ya zaga Gumel. Washegari Malam Haladu ya rufe shago, ya shiga mota ya je ya ɗauko 'yarsa, ga jarrabawa ta matso. Ta yi kuka, ta ce ya tsaya ta nuna masa wani abu a wayarta, ya ce ba ya son gani. Ya ce karatu ya ƙare.

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyarta ta shigo wajen Ummanki, idanunta a kumbure. Da ta fita sai Ummanki ta zo ta zauna a gabana, abin da ba ta cika yi ba, ta ce in buɗe hoton nan. Na buɗe.

Ta ce, "Malam, ƙara masa girma. Dubi hannun da ke kafaɗarta da kyau."

Na duba.

Ta ce, "Tun da kake, ka taɓa ganin namiji da jan lalle da awarwaro?"

Sai ta miƙo min wayar Nafisa da aka bar mata. Ga hoton nan cikakke. 'Yan aji ne gaba ɗaya, ranar da suka gama koyon aiki a wani asibiti, har da malamansu mata a zaune a gaba. Hannun na wata ƙawarta ce da ke tsaye a ɗaya gefen. Saurayin kuma ɗan ajinsu ne, ko kallonta ba ya yi. Wani ne kawai ya yanke hoton ya bar abin da yake so a gani. Lallen nan kuma yana nan a wanda na tura, ɓaro-ɓaro. Da na tsaya na duba da na gani. Ban duba ba ne saboda na riga na yarda.

Na saka hula na nufi shagon Malam Haladu. Na yi sallama ya amsa ciki-ciki, bai daina taka keke ba. Na ajiye masa wayar a kan yadin da yake ɗinki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau.

Ya ce, "Malam Ilu, da wani ne ya turo da ban kula ba. Yaran unguwa kullum cikin shirme suke. Amma na ga sunanka ne a kai. Kai ka raba goro ranar sunan yarinyar nan. Na ce in dai har kai ka tura, to ka tabbatar."

Na ce, "Ban tabbatar ba. Na cuce ta, na cuce ka. Ka yafe min don Allah, ka bar ta ta koma."

Ya ce, "Da wane ido za ta ratsa layin nan?"

Na ce, "A motata za ta fita, a gidan gaba, da rana tsaka. Duk mai magana ya zo ya same ni."

Haka aka yi. Na ɗauki muryata na tura duk inda na tura hoton, na faɗi sunana, na ce ni na yi kuskure, ga cikakken hoton. Na kai ta har ƙofar makaranta. Tun daga Gumel tana kallon gonaki ta taga. Sai da za ta sauka ta ce, "Baba, na yafe maka. Amma shi wancan hoton ba zai fita daga wayoyin mutane ba."

Gaskiya ta faɗa. Hoton ƙarya ya je ko'ina, gyaran da na yi kuwa 'yan kaɗan ne suka damu su tura gaba. Allah Ya taimake ta ta samu jarrabawar, yau tana aiki a asibiti a Sule Tankarkar, ta yi aure, har ta taɓa auna min jini tana tsokanata wai na rage gishiri. Amma bara-waccan wani direba ya nuna min hoton nan dai a wayarsa, an sauya masa sunan gari, ana zagin wata 'yar da ba ta san hawa ba. Na ce ya goge, na ba shi labari. Ya goge nasa. Sauran fa?

Saboda haka, Uwani, duk abin da ya shigo wayarki ya sa ranki ya tashi nan take, ko haushi ko dariyar wani, to shi ne abin da za ki fi jinkiri a kansa. Ki tambayi kanki wa ya ɗauka, me aka yanke, kuma in ƙarya ce wa zai kwana da kuka. Sunanki da zai hau kan saƙo shaida ce kika bayar, akwai wanda zai yarda don ke ce. A ɗakin kwananku za ki zauna da 'ya'yan mutane, za ki gan su ba ɗankwali, za ki gan su suna rawa da shirme irin na ƙuruciya. Wannan amana ce. Kada ki ɗauki kowa bai sani ba, kada ki bari a ɗauke ki a yanayin da ba za ki so ni da Ummanki mu gani ba. In an fara yi da wani malami ko wata ɗaliba a guruf, ba dole ne ki yi wa'azi ba, amma kada ki sa baki, ko da ɗan hoton dariyar nan ne.

Za ki ga 'yan mata suna saka hotuna, yau wannan leshi gobe wancan wurin cin abinci. Kada ki dubi atamfofinki ki ji kin kasa. Hoto abin da mai shi ya zaɓa ne kawai, ba ki san me ya bari a waje ba. Za kuma ki samu masu shigo miki ta gefe da daɗin baki: wannan ya ce yana da tambayoyin jarrabawa, wancan ya ce zai samo miki tallafin karatu in kin turo hotonki da lambobinki, wani ya ce shi aure ne ya kawo shi alhali ko garinsu ba ki sani ba. Mai nufin alheri ba ya tsoron a san shi. Ki ce masa ga lambar yayanki. Za ki ga yadda da yawa za su ɓace.

Ga kuma alkawarina, shi ne ma dalilin wannan dogon rubutu. Kina iya kiyaye duk abin da na faɗa, wani mara tsoron Allah ya yi miki abin da aka yi wa Nafisa. Kina kuma iya yin kuskure da kanki, ke mutum ce, ga ƙuruciya. In haka ta faru, ko wani ya riƙe wani abu naki yana yi miki barazana, kada ki ɓoye, kada ki biye masa, kada ki zauna ke kaɗai da abin a ciki. Ni za ki fara kira. Wallahi ba zan yi miki tsawa ba sai na ji daga bakinki har ƙarshe, kuma babu wani saƙo a duniyar nan da zai sa in cire ki daga makaranta. Na ga abin da gaggawa ta jawo min a kan ɗana da kuma 'yar maƙwabcina. Ba zan yi ta a kanki ba.

Hannuna ya gaji, rabona da rubutu mai tsawo haka tun ina makaranta. Saura abu ɗaya. Kin san Ummanki ba ta karanta boko, saboda haka kada ki riƙa turo mata rubutu, ki turo murya. Tana ta nuna wa mutane ita ba ta damu da tafiyarki ba, wai ai karatu ne. Amma jiya da hantsi na zagaya bayan ɗaki zan ɗauko jarka, na same ta zaune a kan turmi da wayata, tana koyon danna wurin ɗaukar murya. Ta ce, "Uwani, kin ci abinci?" Ta saurara, ta goge, ta gyara murya ta sake. Ke kuwa a lokacin kina cikin ɗaki kina ninke kaya. Na juya a hankali ban bari ta gan ni ba. Kada ki gaya mata na faɗa miki. Ki dai riƙa amsa mata, in kin ci ki ce kin ci, in ba ki ci ba ki tashi ki ci sannan ki amsa.

Ki riƙe sallah a kan lokaci. Ki gaishe da abokan zamanki, ki ce mahaifinki ya ba su amanarki, ke ma ya ba ki tasu.

Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa abin da za ki karanta ya zauna, Ya amfane ki Ya amfani mutane da ke. Ya tsare idonki da harshenki da yatsunki. Ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Yadda kika fita daga gidan nan lafiya, Allah Ya dawo mana da ke lafiya, muna raye muna gani.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Ilu Direba